KAFIN KA KAMA HANYAR GIDA DA BABUR, SUNKUYA KA DUBI SHAKAZOBA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Jabba ana saura kwana uku ko huɗu a yi Babbar Salla, ya ga yadda 'yan Arewa mazauna Kurmi suke kwararowa gida. Manyan motoci suna wucewa maƙil da mutane, wasu da babura a ɗaure a kan kaya. Ga kuma waɗanda suka ce su kam ba za su biya kuɗin mota biyu ba, watau nasu da na mashin, gara su hau abinsu tun daga Ikko ko Badun har ƙofar gida. Sai ka ga mutum ya ɗaure buhu a kan kariya, ya rataya jarkar manja a gefe, ya goyo ɗan'uwansa, babur ya durƙusa ta baya kamar raƙumin da aka yi wa labtu, fitilar gaba tana duban sama.

Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Kafin mutum ya tashi yakan juye baƙin mai, ya duba fulogi, ya ɗaure sarƙa, in da hali ya sa sabuwar taya. Amma da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya dubi shakazoba, wadda samari ke kira shoka. Galibinmu mun ɗauka aikinta jin daɗin mazaunai ne kurum, in ta mutu sai a daure da jijjiga. Alhali kuwa ita ce take danne taya a ƙasa, kuma duk ɗan lokacin da taya ta bar ƙasa, to babur ba shi da birki, ba ya kuma bin inda aka juya kansa.

YADDA NA KOYA

Ni dai a gefen titi na koyi wannan, kuma da tsada. Shekara biyu ke nan na sauko Ikko domin wani aiki a babban ofishinmu. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya daɗe yana acaɓa a wajen Mushin. Da gwamnatin Jihar Legas ta hana haya da babur a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ta kuma ƙara huɗu a watan Satumba, har da Mushin ɗin, sai ya koma Sango-Ota a Jihar Ogun. Kasuwa ba ta yi masa daɗi a can ba, ya yanke shawarar komawa gida da mashinsa ya kama noma. Da ya ji ina gari sai ya ce, "Yaya, bar kuɗin motarka a aljihu, mu tafi tare."

Ana jibi za mu tashi ya je wani shago ya sayo sababbin shakazoba guda biyu na baya. Abin gwanin sha'awa, sifirin ja wur, ga wata 'yar kwalbar ƙarfe maƙale a gefe. Mai shago ya rantse masa cewa ta masu lodi ce, kuma kuɗinta bai kai rabin na ainihin ta kamfani ba. Muka ɗora buhun garin kwaki da jarkar manja da akwatinsa, ni da shi muka haye, muka bi ta Abekuta muka faɗa Badun.

Tun a Oyo na fara jin baya yana lilo. In mun taka tudu ɗaya sai mashin ya yi tsalle uku kafin ya natsu. Na yi magana, ya ce sabuntaka ce. Muka kwana a Ilori. Washegari da hantsi, mun kusa Jabba, muka faɗa wani ɗan rami wanda ko keke zai wuce shi. Baya ya nutse har na ji ƙarfe ya daki ƙarfe, sa'an nan ya cillo mu sama, kan babur ya kama kaɗawa hagu da dama, sai ga mu a ƙasa. Allah Ya taƙaita, babu mota a bayanmu, kuma dukanmu da hular kwano. Ni na ƙuje gwiwa da kafaɗa. Shi kuwa wuyan hannunsa na dama ya karye. Wata uku bai riƙe fartanya ba, damina ta yi nisa ta bar shi, sai da muka yi karo-karo aka nome masa gona.

Wani dattijon bakanike a Jabba shi ya gyara mana mashin. Da ya kwance shakazoba ɗaya, ya matse sifirin ya zare shi, sai ya miƙo mini ragowar ya ce in ja sandar da ke ciki. Da yatsa biyu na ja ta ta fito, na tura ta ta koma, kamar famfon keken da robarsa ta cinye. Ya ƙwanƙwasa 'yar kwalbar nan, babu komai a ciki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai kyan ɗan maciji ne. Sifirin kuka saya da kwalliya." Tun daga ranar nake bin kanikawa da tambaya, ina karanta littattafan da kamfanoni ke haɗowa da babura. Ga abin da na tsinto.

DOKI DA LINZAMI

Abin da muke kira shakazoba abu biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya. Na farko sifirin, wanda kowa ke gani a waje. Aikinsa ɗaukar nauyi, a danna shi ya lotsa, a sake shi ya miƙe. Sai dai duk ƙarfin da aka danna shi da shi, da shi zai rama, ya yi ta lilo har ya gaji. Na biyu shi ne bututun da ke tsakiyar sifirin, cike da mai, da wani fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta yi sama ko ƙasa, dole man nan ya matsu ya bi ta ƙofofin, kuma wannan matsuwar ce take rage wa sifirin gaggawa. Watau sifirin doki ne, mai kuwa linzami.

Ƙarfin da man ya tare, zafi yake komawa, kuma a nan ne babur ɗin cikin gari ya bambanta da na doguwar tafiya. Mai acaɓa yakan yi minti goma ya tsaya, mai ya huce. Mai zuwa Sakkwato kuwa sa'a huɗu yana kan sirdi, man ya yi zafi ya tsinke, ya yi kumfa, fistin ya riƙa ratsa kumfa maimakon mai, linzami ya saki. Wani Bafaranshe mai suna de Carbon ne ya fito da maganin wannan a farkon shekarun 1950, watau a ɗura iskar gas mai ƙarfi, a raba ta da mai da wani fistin na dabam, ta riƙa danne man kada ya yi kumfa. A yau galibi naitirojin ake ɗurawa. 'Yar kwalbar da ake gani a gefen shakazoba ta gari ma'ajin wannan iskar ce da ƙarin mai. Ita masu jabu suke kwaikwayo.

Iyayenmu da suka sayi Honda Benly da kuɗin Udoji a 1975 sun tarar da abin a gyare, amma baburan farko ba su da komai a baya sai sifirin a ƙarƙashin sirdi. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sayar da babur mai sandunan gaba masu shiga juna da mai a ciki, watau samfurin R12 a 1935. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa sun ga gwajin waɗannan abubuwa da idonsu, domin gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ta Agadas da Yamai ta ratsa, kuma Cyril Neveu ne ya ci a kan Yamaha XT500. Baburan yawon duniya na yau jikokin waɗancan ne. Africa Twin na Honda, tayarsa ta gaba tana iya yin sama da ƙasa har santimita 23, ta baya 22. Baburanmu na haya kuwa, tafiyar tayarsu ta baya ba ta wuce kimanin santimita 10. Mai karatu ya riƙe wannan lissafin.

AUNA KAFIN KA SAYA

Kuskuren da ƙanena ya yi, wanda da yawanmu muke yi, shi ne ya tafi kasuwa tun bai san ciwon mashinsa ba. Awon kuwa ba ya bukatar komai sai tef ɗin tela, da alli, da abokai biyu.

Ka kafe babur a kan babban jak, tayar baya ta bar ƙasa. Ka yi alama da alli a jikin kariya daidai saman ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, ka auna daga tsakiyar ƙarfen zuwa alamar, ka rubuta. Sa'an nan ka sauke shi daga jak, ka ɗora duk kayan da za ka tafi da su, mai hawa baya ya hau, kai ma ka hau ka ɗauke ƙafafu daga ƙasa. Aboki ɗaya ya riƙe kan babur kada ya faɗi, ɗayan ya sake aunawa. Ka cire awo na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne nutsewar babur.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce nutsewa ta tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na dukan tafiyar taya. Ga babur mai santimita 10, kimanin santimita 3 ke nan. Bakwai ɗin da suka rage su ne ajiyarka ta ranar tudu. Ukun da ya nutse kuwa da su taya take miƙa ƙafa ta bi rami har ƙasansa, maimakon ta yi shawagi a kansa. A Jabba dattijon nan ya sa yaransa biyu suka hau a madadinmu, aka mayar da buhu da akwati, mashin ya nutse fiye da santimita 8. Ashe abin da ya rage tsakaninmu da ƙarfe bai kai faɗin yatsa biyu ba, kuma da shi muka taso tun daga Ogun.

Babur ɗin da ya durƙusa ta baya, gabansa ya yi sakayau. Tayar gaba ba ta kama ƙasa sosai, alhali ita ce ke da mafi yawan aikin birki, ita ce kuma ke shan kwana. Daga nan kaɗawar kai take samo asali. Da dare kuma fitila ta haske idon direban da ke tahowa, ta bar ramin da ke gabanka a duhu.

ZOBEN DA BA MU TAƁAWA

Idan nutsewa ta yi yawa, kada ka yi saurin zuwa shago. Dubi gindin sifirin, a yawancin babura akwai wani zobe mai haƙora kamar matakala, galibi hawa biyar, ana juya shi da wata sifana mai kama da ƙugiya. Kowane hawa yana ƙara matse sifirin, ya ɗaga bayan babur. Da yawanmu tun ranar da muka sayi mashin ba mu taɓa shi ba, yana nan inda aka bar shi domin mutum ɗaya mara kaya. Ka juya na hagu da na dama su tsaya a hawa ɗaya, ka sake awo. Kada a sa masa guduma da cizal, haƙoran za su farfashe.

Amma a lura, zoben nan ba ya ƙara wa sifirin tauri. Sifirin da kilo 20 yake lotsa shi santimita ɗaya, haka zai ci gaba da yi ko a wane hawa aka sa shi, tsayin da babur ya tsaya a kai ne kawai ya canza. Saboda haka in ka kai hawan ƙarshe amma nutsewa ba ta dawo kusa da kashi ɗaya cikin uku ba, to sifirin ya yi wa lodinka laushi. Ko dai a rage kaya, ko a nemi mai tauri.

Gwajin mai ya fi wannan sauƙi. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya cik. In ya yi lilo sau biyu ko uku, ko ka ga danshin mai da ƙura ta manne a jikin bututu, linzami ya tsinke ke nan, kuma babu hawan zoben da zai gyara shi.

IN SAYE YA ZAMA DOLE

Abu na farko tsawo. Kwance tsohuwar ka tafi da ita, ko ka auna daga tsakiyar ƙofar noti ta sama zuwa ta ƙasa. Wasu samari suna son doguwa domin mashin ya yi kyan gani, alhali takan karkatar da babur gaba, kai ya yi rawa a kan gudu. Gajeriya kuwa ta sa taya ta riƙa gugar madigadi. Na biyu, a sayi biyu tare, iri ɗaya, kada a haɗa sabuwa da tsohuwa.

Na uku sifirin. Akwai mai murɗi ɗaya daga sama har ƙasa, akwai kuma wanda murɗinsa ya matsu a gefe ɗaya ya buɗe a ɗayan. Wannan na biyun yana farawa da laushi, in nauyi ya ƙaru ya yi tauri, shi ya fi dacewa da wanda yau shi kaɗai ne, gobe da iyali. Kamfanin Bajaj na Indiya ya bi wata hanyar a kan Boxer, ya sa ƙaramin sifirin a cikin babba, suna kiransa SNS. Na huɗu, ka nemi mai shago ya bari bakanike ya zare sifirin a ja sandar. Ta gari sai an sa ƙarfi, kuma nauyin jan ba ya yankewa daga farko har ƙarshe. In ya ƙi, ka san inda dare ya yi maka. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma dabarun bakin titi guda uku da ya kamata a guje su. Wasu sukan kai wa mai walda ya ƙara kunnuwa a sa shakazoba huɗu. Da lodi abin yana tafiya, amma in an sauke sai baya ya zama sanda, taya ta riƙa tsalle a kan kwalta, dukan da ya kamata sifirin ya shanye ya koma kan firam, har wurin waldar ya tsage. Wasu sukan gasa sifirin da wuta don ya canza tsawo, ita kuwa wuta kashe ƙarfen take yi, daga baya ya lotsa ko ya karye ba sallama. Wasu kuma sukan huda mai gas wai su ɗura mata iskar mai faci. Iskar da ke cikinta tana da ƙarfin da zai raunata mutum, ba a huda ta, ba a kuma kai ta kusa da wuta.

ƘAFAFUN GABA

Wanda ya gyara baya ya bar gaba, rabin aiki ya yi. Sandunan gaba su ma sifirin ne da mai, sai dai duka a ɓoye. Man nan yana tsufa, ya koma baƙi mai wari, kuma alamarsa ita ce in ka kama birkin gaba sai kai ya nutse gaba ɗaya, wani lokaci har da ƙara. Man gaba yana da lambarsa ta kauri, kamar 5W da 10W da 15W, littafin babur ya faɗi wanda ya dace da adadin da za a zuba. A zuba da ma'auni, kowace ƙafa daidai da 'yar'uwarta. In mai ya wuce kima sai gaba ya ƙage tun bai kai ƙarshe ba, ya fasa robar da ke tare man, wadda kanikawa ke kira oyil-sil. Kada ka yarda a zuba maka baƙin man da aka juye daga inji, ko da kyauta ne.

Robar nan tana da maƙiya biyu a kan hanyarmu. Danshin Ikko da iskar teku suna sa sandar ta yi tsatsa, tsatsar ta yanka roba. Ƙurar hunturu kuwa ta manne a jikin sanda ta riƙa cin robar kamar samfefa. Maganin duka biyun araha ne, a riƙa goge sanda, a sa mata rigar roba in ba ta da ita. Man da ya tsiyaye gangarowa yake yi, a babur mai birkin faranti ya jiƙa birki.

Har wa yau, kafin a ɗora wa shakazoba laifi, a ɗaga tayar gaba a girgiza a ji ko boris ɗin wuya ya saki, a girgiza ta baya hagu da dama a ji ko bush ɗin ƙarfen da ke riƙe da ita ya cinye, a ƙwanƙwasa wayoyin taya a ji ko akwai sakakkiya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya sa babur rawa ko da shakazoba sabuwa ce fil.

MASU MANYAN BABURA

Cikin masu karatu akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan da suke da manyan baburan tafiya, galibi na hannu daga Turai ko Amurka ko Japan. Ƙa'idar awo ɗaya ce, mai tafiyar santimita 20 zai nutse kimanin 6. Irin wannan babur yakan iso fenti yana ƙyalli, amma shakazobarsa ta riga ta ci dubban kilomita a ƙasar da ya fito. Kamfanoni irin su Öhlins na Suwidin, wanda Kenth Öhlin ya kafa a 1976, da Wilbers na Jamus, da Hagon na Ingila, suna yin wadda ake zaɓa wa sifirin bisa nauyin mai babur da kayansa, da yawansu kuma ana iya kwance su a sake mai da roba da gas maimakon a jefar. Wasu suna da ɗan sukurun da ke ƙara ko rage nauyin dawowar sifirin. Mai irin wannan ya rubuta inda ya tarar da kowane sukuru kafin ya taɓa, ya riƙa canza abu ɗaya ya gwada a kan hanya ɗaya, kada ya murɗa duka lokaci guda ya rasa wanda ya gyara da wanda ya ɓata.

JAKI BA YA ZAMA RAƘUMI

Saura gaskiya ɗaya mai ɗaci, ita ce babu shakazobar da za ta ƙara wa babur abin da ba a ƙera shi da shi ba. Honda Gold Wing, wanda ya yi suna a doguwar tafiya tun 1975, na yanzu injinsa silinda shida ne, cc 1,833, amma abin da kamfani ya yarda a ɗora masa, mutane da kaya duka, kimanin kilo 200 ne kacal. BMW R 1250 GS nauyinsa kilo 249, iyakarsa da komai da komai 465, watau kilo 216 ke nan na ɗauka. To yi lissafin namu. Ni da ƙanena mun haura kilo 140, buhu 50, jarkar manja mai lita 25 ta haura kilo 22, ga kuma akwati. Mun ɗora wa mashin mai cc 100 abin da aka hana ɗora wa Gold Wing.

Taya ma tana da iyakarta a rubuce a gefenta. Lamba 48 tana nufin kilo 180, lamba 52 kilo 200, kuma sai in an cika iskar da ta dace. Da safe ake auna iska, kafin taya ta yi zafi.

Kayan da ya zama dole a tafi da su, mai nauyi a sa shi ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiyar babur, hagu da dama daidai wa daida. Duk abin da ya zarce tayar baya ɗaga gaba yake yi kamar sikeli. Bayan an gama lodi a hau a duba sarƙa, domin takan ƙara tauri in baya ya nutse, a kuma sunkuyar da fitila. Buhu kuwa, a kai shi tashar manyan motoci ya tarar da kai a gida. Kuɗin lodinsa bai kai na mai ɗori ba.

Ƙanena ya warke, yana nomansa, yana ɗan haya ranar kasuwa, sai dai in sanyi ya sauko hannun yakan tuna masa da Jabba. Yanzu sifanar ƙugiya ba ta rabuwa da shi, in zai ɗauki mai buhu sai ya sauka ya juya zobe, fasinja yana yi masa dariya. Ku da ke shirin tahowa bana, a yi awon nan tun ana saura mako biyu, a gwada mashin da lodinsa a cikin unguwa, a kuma bincika dokar kowace jiha da za a ratsa game da babura, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya sa ku tarar da iyali lafiya.